Mitar haske ta tsohuwar kyamarar fim tana ƙarya: batir ne, idon mita ne, ko wani abu daban?

Wa alaikumus salam ƙanina. Bari in maimaita tambayar taka a gajarce sabida masu irin wannan matsalar su san inda muka dosa. Ka ce ka gaji Minolta SR-T 101 daga wurin Baba, Allah ya jiƙansa da rahama, ka sa mata Kodak Gold 200, ka bi abin da allurar mita, wato ma'aunin hasken da ke cikin kyamarar, ta nuna maka sak, amma da aka wanko fim ɗin hotunan sun fito da duhu, launi ya mutu, inuwa duk ta yi tsaki-tsaki, musamman waɗanda ka ɗauka da rana a wajen duwatsun Shere da ke kusa da Jos, na cikin ɗaki kuma da sauƙi-sauƙi. Batir kuma LR44 ne ka saya wurin masu agogo a kasuwar Terminus, ka cusa takardar sigari a gefe don ya zauna. Kana tambaya ko mitar ta mutu ne, a kai gyara ko a haƙura.

Ni dai ban jin ta mutu. Mitar da ta mutu allurarta kwanciya take yi, ko ta maƙale wuri guda ko me ka nuna mata, taka kuwa tana motsi tana bin haske, lissafin ne kawai ya karkace. Kuma yadda ka ce ɓarnar ta fi yawa a tsakar rana fiye da cikin ɗaki, wannan kam batir nake zargi tun kafin in ga kyamarar. Amma kar ka ɗauki zatona ka tafi da shi, don hoto na iya yin duhu ta wajen mita, ta wajen shota, wato labulen da ke buɗewa ya bar haske ya isa fim, ta wajen fim ɗin kansa, ko ta hannun mai wanki, mutane dai sun fi saurin ɗora wa mita laifi ne don ita kaɗai ake gani tana motsi a ido.

Mu fara da batir ɗin tunda shi ne babban wanda ake tuhuma. Wannan kyamarar ta fito ne a 1966, kuma an gina mitarta a kan batirin zaiba, wanda ake rubuta wa PX625 ko PX13, mai bolt 1.35. Abin da ya sa kamfanonin Japan na wancan lokacin suka so shi shine ƙarfinsa ba ya sauka a hankali, 1.35 ɗin nan yake bayarwa tun ranar da aka sa shi har ya kusa ƙarewa, sannan ya faɗi lokaci guda. Toh tunda batir da kansa yana riƙe ma'auni, injiniyoyin ba su wahalar da kansu wajen sa abin daidaita wuta a cikin kyamara ba. Daga baya aka hana yin sa sabida zaiba guba ce, Amurka ta yi tata dokar a 1996, Turai ma ta hana, masana'antu suka daina. Ba SR-T kaɗai abin ya shafa ba, Olympus OM-1, Canon FTb, Nikkormat FTn, Canonet QL17, Rollei 35, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

LR44 ɗin da ka sa alkalin ne, bolt 1.5, sabo ma yakan ɗan haura haka. Za ka ce 0.15 ai ba wani abu ba ne, amma kusan kashi 11 cikin ɗari ne aka ƙara, in kuma na silba ne mai 1.55 ya kusa kashi 15. Ga yadda abin ke faruwa a ciki. Idon mitar, wanda ake kira CdS, ba ya samar da wuta da kansa, tare wutar batir yake yi, in haske ya ƙaru sai ya sassauta ya bar wuta ta ƙara wucewa, allura ta motsa daidai da wutar da ta iso mata. Ita allura ba ta san daga ina ƙarin ya zo ba. In batir ya fi ƙarfi sai ta ɗauka rana ce ta ƙara haske, ta ce maka ka matse afaca, wato ƙofar da haske ke bi a cikin lensi, ko ka ƙara gudun shota, kai kuma ka bi, fim ya samu ƙasa da abin da yake buƙata, hoto ya fito da duhu. Kuma kuskuren ba ɗaya ba ne a ko'ina, a haske kaɗan ƙarami ne, a rana mai ƙarfi yana iya kai mataki ɗaya har biyu. In na ce mataki ina nufin ninka haske sau biyu ko raba shi biyu, kamar daga f/8 zuwa f/11 a afaca, ko daga 1/125 zuwa 1/250 na daƙiƙa a shota. Mataki biyu kenan fim ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na hasken da ya kamata, ka ga dole inuwa ta mutu.

Sannan alkalin yana da wani mugun hali, ƙarfinsa gangarowa yake yi kullum, yau yana sama da 1.5, nan gaba ya biyo ta 1.35 ya wuce ƙasa, wato akwai ɗan lokacin da mitar za ta yi daidai bisa dace har mutum ya ce ai ta warke, bayan nan kuma ta juya ta fara sa hoto ya yi fari. Takardar sigarin ma ka cire ta don Allah, wani lokaci tana taɓa gefe biyu na batir ta zuƙe shi, wani lokaci kuma ba ta haɗa wuta sosai allura ta riƙa rawa.

Yanzu gwaji, kuma ba sai ka ɓata fim ba. Juya kyamarar ka duba ƙasanta, akwai ɗan maɓalli mai ON, OFF da BC, wato gwajin batir. Murɗa shi zuwa BC ka leƙa, allura ya kamata ta tsaya a kan ɗan alamar nan mai kusurwa huɗu da ke gefen dama. Da batir mai 1.5 za ka ga ta zarce alamar, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka wutar ta yi yawa. In ko ba ta motsa ba sam a BC, toh maganar wayar wuta ko tsatsa ce, zan zo kanta.

Gwaji na biyu rana ce, kyauta. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce, in rana ta fito tas babu gajimare, inuwar mutum tana da kaifi a ƙasa, ka sa afaca f/16, gudun shota kuma ya yi kusa da lambar fim ɗin. Fim 100 kenan 1/125 a f/16, naka mai 200 kuma 1/250 a f/16. Amma ka lura da abu biyu a nan Jos. Na farko kar ka yi gwajin da sha biyun rana cif, rana tana tsakar ka, bango da fuskar mutum duk a inuwa suke, ka bari wajen ƙarfe goma na safe ko uku na yamma, ranar tana bayanka tana dukan abin da kake aunawa. Na biyu kar ka yi shi ranar da hazo ya sauko. Mu muna kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, bayan an ɗauke ruwan sama a watan tara ko goma hasken garin nan tsaf yake ƙa'idar na aiki daidai, amma cikin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, in ƙura ta rufe sama rana ta koma fari-fari inuwa ta yi laushi, hasken da ke sauka kan abu ya ragu da mataki guda ko fiye, sai ka zargi mita a banza. Nemi ciyawa kore ko tsohuwar kwalta ko bangon siminti da ba a yi wa fenti ba, ka cika firem da shi kar sama ta shigo, ka sa ASA, wato lambar fim, a 200, shota a 1/250, ka murɗa afaca har zoben da kake gani in ka leƙa ya hau kan allura. In ta tsaya f/16 ko kusa da shi, lafiya. In f/16 bai ishe ta ba har sai ka kai shota 1/500 ko 1/1000, ka kama ɓarawon hotunanka.

Amma auna wuri ɗaya bai isa ba, kuma nan ne mutane da yawa ke yin gaggawa. Sai ka auna a haske uku: rana, inuwar gini a waje, da cikin ɗaki. Ka samu abin kwatance, kyamarar dijital ta fi, in babu manhajar auna haske a waya ma ta wadatar, sai dai ka fara gwada ita wayar da ƙa'idar rana ɗin can don wayoyi ma suna da nasu karkacewar. Lambar ISO ɗaya (ita ce dai ASA), bango ɗaya marar sheƙi, tsayuwa ɗaya. Ka manna idonka sosai a wurin leƙawa don haske na shiga ta baya ya rikita mita, musamman ga mai tabarau. Kuma in ka fito daga rana ka shiga ɗaki ka ba ta minti ɗaya ko biyu, CdS yana da nawa, yakan riƙe hasken da ya gani ɗazu kafin ya sauko. Don ka samu abin riƙewa, a ASA 100 rana na bada wajen 1/125 a f/16, inuwar waje wajen 1/125 a f/5.6, ɗaki mai haske daidai gwargwado wajen 1/30 a f/2. Rubuta abin da kyamara ta ce da abin da wayar ta ce a kowane wuri. Bambancin rabin mataki ba komai ba ne, ko sabbin mitoci biyu sukan saɓa da haka.

Lambobin nan uku su ne za su faɗa maka komai. Ka ɗauki sikelin mahauci, in kullum rabin kilo yake ƙarawa ko nama kaɗan ne ko mai yawa, za ka iya ciniki da shi tunda ka san abin da za ka cire, amma in yau ya ƙara gobe ya rage, ko ya yi daidai a kilo ɗaya ya yi ƙarya a kilo biyar, ba shi da amfani sai an gyara. In mitarka ta kauce da mataki ɗaya a duk wurare ukun, shikenan ka yaudare ta da lambar ASA, fim 200 ka gaya mata 100 ne, ka ci gaba da aikinka. In kuskuren babba ne a rana ƙarami a ɗaki, batir ne, kuma murɗa ASA ba zai yi magani ba don in ka gyara rana ka ɓata ɗaki. In ka sa batir mai ƙarfin da ya dace amma har yanzu tana daidai a tsakiya tana ƙarya a ƙarshe biyun, idon CdS ɗin ne ya tsufa. In kuma allura tana tsalle, ka auna bango ɗaya sau uku ta ba ka amsa uku, datti ne ko wayar wuta ta saki.

Maganin batir ɗin, mafi arha kuma wanda zan ce ka fara da shi, batirin na'urar da masu matsalar ji ke sawa a kunne, lamba 675, mai shuɗin tambari. Manyan kemis da shagunan kayan asibiti sukan ajiye shi. Wajen bolt 1.4 yake bayarwa kuma yana riƙe ƙarfinsa daidai har ya ƙare, kusa sosai da na zaiba. Faɗinsa milimita 11.6 ne alhali PX625 ya kai 15.6, don haka ka samu ɗan zoben roba wurin masu kayan famfo ka sa masa a ƙugu ya zauna tsakiya, roba fa, ba ƙarfe ko takardar sigari ba. Da iska yake aiki, in ka ɓare tambarin ka ba shi 'yan mintuna kafin ka rufe, ka bi alamar + yadda aka nuna. Matsalarsa daga ranar da ka ɓare shi ya fara mutuwa ko ka yi aiki da shi ko ba ka yi ba, makonni ne zuwa 'yan watanni, kuma busasshiyar iskar hunturu tana saurin kashe shi, toh ka riƙa yawo da na canji. Akwai Wein MRB625, shi ma irin wannan ne amma an yi shi da girman tsohon batirin, sai dai sai an yi oda. Wanda ya fi ɗorewa adafta ce mai suna MR-9, ana sa mata batirin silba SR43 ko 386, a cikinta akwai ɗan dayod da ke sauke wutar zuwa wajen 1.35. Ka kula wajen oda, akwai masu kama da ita da tagulla ce zalla babu dayod, waɗannan girma kawai suke gyarawa, da 675 ake amfani da su. Hanya ta ƙarshe mai gyara ya liƙa dayod irin Schottky a kan wayar batir a cikin kyamarar, daga nan ka riƙa sa na silba har abada. Ko wanne ka zaɓa, ka nemi mai gyaran rediyo ya ɗora maka maltimita, wato ma'aunin wuta, a kan batir ɗin, don a kasuwa ana sayar da alkalin da sunan silba, kuma wasu sun daɗe a rana a kan tebur.

Tunda ka buɗe ramin batir, haska tocila ka duba. In ka ga fari-fari kamar gishiri ko kore-kore a jikin ƙarfen, tsohon batir ne ya taɓa zubewa a ciki. Ɗan ruwan khal a kan audugar goge kunne, kaɗan fa ba jiƙawa ba, ka goge, ka bi da sifirit, ka bari ya bushe, sannan ka murza da kilinar fensir har ƙarfen ya yi ƙyalli, har da zaren murfin don ta nan wuta ke komawa. Abin haushin shine tsatsar nan tana bin waya ta ciki, sai ka ga rami tsaf amma wayar da ke bayansa ta yi baƙi ta rube. Wannan sai an cire farantin ƙasa an canza wayar, aikin minti kaɗan ne ga wanda ya iya solda.

SR-T tana da wani abu da ke sauƙaƙa bincike. In ka leƙa abu biyu kake gani, siririyar allura da kuma sanda mai zobe a kai. Allurar ita ce ta wuta, haske kaɗai ke motsa ta. Mai zoben kuwa babu ruwanta da batir, zare ne da ƙananan tayoyi a cikin kyamarar ke jan ta duk lokacin da ka murɗa afaca ko shota ko ASA. Toh kashe mitar ka murɗa afaca daga farko zuwa ƙarshe kana leƙe, ya kamata mai zoben ta riƙa tafiya sumul mataki-mataki. In tana tsayawa ko tana biyowa a makare, duba bakin kyamarar inda lensi ke shiga, akwai wani zobe mai ɗan kunne da lensin Minolta mai alamar MC ke turawa, ƙurar shekaru da busasshen mai sukan sa ya yi nauyi ya ƙi komawa. Cire lensi ka tura shi da yatsa ka saki, ya kamata ya koma da sauri da kansa. In zaren ne ya tsinke ko ya sauka daga kan tayarsa, kar ma ka fara, aikin gwani ne. Ita allura kuma wani lokaci tana manne wa wani ɗan soso da aka sa a ƙarshen hanyarta, soson ya narke ya zama danƙo, sai ka ɗan ƙwanƙwasa kyamarar ta saki. Idanun CdS guda biyu ne manne a jikin firizim, wato gilashin da ke saman kyamara mai kai hoto wurin leƙawa, gam ɗin kan yi rawaya ko ya saki da tsufa, amma wannan yana sa mita ta ga haske ya ragu ne, hoto ya yi fari, akasin naka.

Sai kuma ɓangaren da ba a son ji, wani lokaci mitar lafiyarta ƙalau, mai riƙe da ita ne bai san yadda take tunani ba. Mita ba ta san fari ba ba ta san baƙi ba, duk abin da ka nuna mata so take ta mai da shi toka-toka tsaka-tsaki. Ka tsaya gaban mutane ranar Sallah kowa ya sha farar shadda tana ƙyalli, mita za ta ce haske ya yi yawa ta sa ka matse, shaddar ta fito ruwan toka fuskoki kuma su nutse gaba ɗaya. Haka in sama ta cinye rabin firem, wanda nake kyautata zaton ya faru a Shere, dutse a ƙasa farar sama a bisa. Minolta ta sa wa wannan kyamarar tsarin da ta kira CLC don rage yaudarar sama, yana taimakawa in ka riƙe ta a kwance, amma ba ya yin mu'ujiza. Abin yi shine ka sunkuyar da kyamara ka auna ƙasa ko ka matsa kusa ka auna abin da ka damu da shi, ka saita, sannan ka koma ka tsara hotonka. Dabarar da na fi so tafin hannu ce. Ka sa tafinka a cikin hasken da ke kan mutumin, ka cika firem da shi ka auna, sannan ka buɗe mataki ɗaya, don tafin hannu ya fi tokar da mita ke nema haske da kusan mataki guda ko da kai baƙi ne wuluk. Kuma ga fatarmu ni a ganina gara ka ƙara haske da ka rage, fim mai launi irin Gold yana jure ƙarin mataki biyu ba tare da ya lalace ba, amma ka rage masa mataki ɗaya ya fara kuka.

Kar ka yanke hukunci da hoton da aka turo maka a waya, na'urar sikanin tana ƙoƙarin ceto hoto da kanta, ita ke jawo tsakin nan da launin da ya mutu. Karɓo negatif ɗin, wato fim ɗin da aka wanke, ka ɗaga shi a taga. Duba rubutun da ke bakin fim ɗin, sunan Kodak da lambobin firem, waɗannan tun a masana'anta aka haska su, ba ruwansu da kyamararka. In rubutun ya fito baƙi sosai amma hotunan sun yi shara-shara kana ganin yatsanka ta ciki, haske ne bai isa ba, laifin na wajenka ne. In rubutun ma ya koɗe, maganin wankin ne ya gaji ko ba a ba shi lokacinsa ba, kuma yanzu da masu wankin fim suka yi ƙaranci magani kan daɗe a ajiye kafin a samu aiki. In gindin fim ɗin duka ya yi duhu-duhu kamar hayaƙi har wurin da babu hoto, fim ɗin ya tsufa ne ko ya sha zafi a shago ko a cikin mota. Duba kwanan watan da ke kwalin, fim da wa'adinsa ya wuce ana ƙara masa wajen mataki ɗaya ga kowace shekara goma.

Shota ma ka saurare ta. Buɗe bayan kyamara babu fim, sa daƙiƙa 1 ka harba kana kallon agogo, in ta ja ta yi biyu ko ta tsaya a hanya man ciki ya daskare. Yawanci tsohuwar shota jinkiri take yi, wato ƙara haske take, amma a 1/500 da 1/1000 labulen shota na biyu kan kamo na farko kafin su gama tsallakawa, sai gefe ɗaya na hoton ya fi duhu ko ma ya yi baƙi. Ka ga inda abin ke haɗuwa, mita mai batir 1.5 tana tura ka zuwa 1/1000, can kuma shota ta ƙara nata. In a negatif duhun daga gefe guda yake farawa, wannan ne. Cire lensi ka nuna ta ga farin bango ka harba kana leƙe ta baya, ya kamata ka ga walƙiyar ta cika kusurwa huɗun duka.

Ga masu wasu kyamarorin da za su karanta wannan, ba kowa ke da matsalar batir ba. Pentax K1000, da aka yi daga 1976 zuwa 1997, LR44 ko SR44 take ci dama, kuma tsarin mitarta bai damu da ɗan bambancin bolt ba, ita matsalarta ba ta da maɓallin kashewa, murfin lensi ne ke sa ta huta, ka bar ta a buɗe batir ya ƙare. Zenit-E ta Rasha da Olympus Trip 35 ba su da batir sam, idon seleniyom ne mai samar da wutarsa daga haske, shi kuma haske da laima ke cinye shi da shekaru, in ya raunana babu wani gyara sai dai canji. A Zenit ɗin a lura lambobin fim na Rasha ne da ake kira GOST, 90 a can shine wajen ASA 100. Nikkormat kuma in ka ɗaura lensi ba ka murɗa afaca ƙarshe zuwa ƙarshe ba, kyamarar ba ta san girman lensin ba, duk lissafinta zai karkace.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka bari wani ya buɗe ta ya fara murɗa ƙananan sukurorin saita mita da ka. Mai gyaran waya zai ce maka ƙaramin aiki ne, amma ba shi da haske mai ma'auni da zai saita da shi, kuma in aka murɗa su ba a yi alamar inda suke ba, dawo da su wahala ne. Sukurorin jikin kyamarar ma na Japan ne, sukundireba ta kasuwa tana cinye kansu. Canza waya ko liƙa dayod, tsohon mai gyaran rediyo mai natsuwa zai iya. Saita mita da zare kuwa sai wanda ya san kyamarar fim, ko da sai ka aika wani gari. Kafin nan ma kyamarar ba ta tsaya ba, shotarta ta inji ce zalla daga daƙiƙa 1 zuwa 1/1000, batir mita kaɗai yake ciyarwa, za ka iya cire shi ka yi aiki da manhajar waya ko ƙa'idar rana.

In ka sa 675 ɗin, sake auna wurare ukun nan, sannan ka sadaukar da firem tara na sabon fim: a kowane wuri ɗauki ɗaya yadda mita ta ce, ɗaya da ƙarin mataki, ɗaya da ragin mataki, kana rubutawa a takarda don wallahi ba za ka tuna ba bayan an wanko. In ka gama ka mayar da maɓallin OFF, in za ta daɗe a ajiye ka cire batir, da damina kuma kar ka bar ta cikin tsohuwar jakar fatar nan don tana riƙe laima. Ka turo min lambobin da ka samu a rana da inuwa da ɗaki, da hoton negatif ɗin a jikin taga yadda rubutun bakinsa zai fito, sai in gaya maka ko akwai buƙatar a buɗe ta.